Me ya hana gwanin matuƙa haɗa kumbo biyu a 1968?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai koyon tuƙin jirgin sama, kuma ina son karanta tarihin 'yan sama jannati. Na ci karo da labarin wani mutumin Tarayyar Sobiyet, Georgi Beregovoy, wanda aka ce ya yi yaƙin duniya na biyu a jirgin sama, ya shekara 16 yana gwada sababbin jiragen yaƙi, daga baya ya zama ɗan sama jannati. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, an ce da aka tura shi ya haɗa kumbonsa da wani a sararin samaniya bai iya ba, alhali na'ura ta riga ta yi wannan aikin babu mutum a ciki. Gaskiya ne? In gaskiya ne, ina amfanin gogewar tasa? Kuma har yanzu sai mutum ya zama matuƙin gwaji kafin a ɗauke shi?

Amsa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya sa ka gama lafiya.

Abin da ka karanta gaskiya ne, duka biyun. A cikin 'yan sama jannatin Tarayyar Sobiyet na wancan lokaci babu wanda ya kama ƙafar Beregovoy a sanin jirgi, kuma ranar 26 ga Oktoban 1968 ya matso da kumbonsa, Soyuz 3, har tazarar da ke tsakaninsa da Soyuz 2 ba ta kai mita 50 ba, ya yi ta ƙona mai, bai haɗa su ba. Ni dai a ganina kaso mafi girma na laifin yana wuyan waɗanda suka tsara tafiyar. Sun ɗauka cewa gogewar mutum a cikin iska za ta isar masa a wurin da babu iskar. Amma kafin mu kai nan sai ka san ko wane ne mutumin, don in ba ka san nauyinsa ba, ba za ka ga girman abin da ya faru ba.

An haife shi ranar 15 ga Afrilun 1921 a ƙauyen Fedorivka da ke yankin Poltava a Yukren, ya girma a Yenakiieve, garin kwal da narka ƙarfe a yankin Donbas. A can ya fara hawa jirgi, a irin ƙungiyoyin koyon tuƙi da gwamnati ta baza a garuruwa domin samari 'yan ƙwadago. Daga nan ya wuce makarantar sojan sama ta Voroshilovgrad, garin da ake kira Luhansk a yau, ya gama a 1941, shekarar da Jamus ta auka wa ƙasarsa. Jirgin da ya yi yaƙi da shi Il-2 ne, mai sulken ƙarfe da ya kewaye inji da matuƙi, wanda aikinsa shi ne ya sauko ƙasa-ƙasa ya bugi tankoki da jiragen ƙasa da manyan bindigogi. An ƙera irinsa fiye da 36,000, kuma yawan nan har da yadda ake kakkaɓo su, domin jirgin da ke wucewa dab da kan abokan gaba kowa mai bindiga sai ya gwada sa'arsa a kansa. Beregovoy ya fita farmaki sama da sau 180. Sau uku ana harbo shi, sau uku yana komawa bakin daga. Ranar 26 ga Oktoban 1944 aka ba shi lambar Gwarzon Tarayyar Sobiyet, wadda babu wadda ta fi ta a ƙasar, yana da shekara 23.

Daga 1948 zuwa 1964 ya yi aikin gwaji a cibiyar binciken rundunar sojan sama da ke Chkalovsky kusa da Mosko. Ya tuƙa jirage iri daban-daban fiye da 60, cikinsu har da MiG-15, MiG-19P, Yak-25, Su-9 da Tu-128, kuma a 1961 ya samu lambar girma ta matuƙan gwaji na ƙasar.

A nan zan ɗan daɗe, domin mutane da yawa sun ɗauka matuƙin gwaji wani ne mai taurin kai da rashin tsoro, wanda ake ba sabon jirgi a ce ya je ya yi wasa da shi. Ba haka aikin yake ba. Yana hawa ne da ɗan kati ɗaure a cinyarsa, an rubuta masa: a tsawo kaza, a gudu kaza, ka yi abu kaza guda ɗaya, ka lura da abin da jirgin ya yi. Ya yi, ya rubuta, ya wuce layi na gaba. In ya sauko, injiniyoyi na jiransa da takardun na'urorin da suka auna komai, su zauna su gwada maganarsa da abin da na'ura ta nuna. Hajar da yake sayarwa rahotonsa ce. Matuƙin da zai ƙawata labari don kada a ga kasawarsa ba shi da amfani a wannan sana'a, kuma yana iya jawo mutuwar wanda zai hau jirgin bayansa.

Fannin da Beregovoy ya yi suna a kansa shi ne wulwulawar jirgi. Na tabbata malamanka sun yi maka bayaninta, wataƙila ma sun nuna maka a ƙaramin jirgin koyo. Fiffike yana ɗaga jirgi ne muddin iska na bin bayansa lafiya. In matuƙi ya ɗaga hanci ya wuce kima, iskar sai ta ɓalle daga saman fiffiken, ɗagawar ta gushe. In fiffike ɗaya ya riga ɗan'uwansa sakewa, jirgin sai ya kife ta wannan gefen, ya kama juyawa yana faɗowa, ƙasa na zagaya maka a gilashin gaba. Jikinka duka yana ce maka ka ja sanda baya ka ɗaga hancin, kuma wannan ne abin da ke ƙara dulmiya ka. Maganin shi ne ka taka feda ta gefen da ya saɓa wa juyin, ka tura sanda gaba wajen ƙasar da kake tsoro, ka jira. A ƙaramin jirgi wannan ya wadatar. Amma jiragen jet na farko masu fukafukai da suka karkata baya, irin su MiG-15, ba kullum suke jin wannan magani ba, kuma sun ci rayukan matuƙa da yawa. Dole wani ya hau can sama, ya jefa jirgin cikin wulwulawa da gangan, ya ƙirga juyin, ya gwada wata dabara, ya ga a juyi na nawa ta kama, ya sake hawa ya gwada wata. Beregovoy na cikin waɗanda suka yi wannan, sannan ya koya wa sauran matuƙa. Yana kuma cikin na farko da suka tuƙa jirgi sanye da hular kwano mai riƙe iska, wadda ake sakawa don tafiya a tsawon da numfashi ba ya yiwuwa. Wato mutum ne da ya san yadda ake ƙin bin maganar jiki a saurari na'ura. Ka riƙe wannan.

To me ya sa ba a ɗauke shi tun farko ba? Domin Sobiyet ba matuƙan gwaji ta nema ba. Amurka a 1959 ta zaɓi mutum 7 na farko daga matuƙan gwaji na soja, ta gindaya sharaɗin awa 1,500 a sama. Sobiyet kuwa a 1960 ta ɗebi samari 20 daga rundunar jiragen yaƙi, gajeru, marasa nauyi, masu ƙoshin lafiya. Yuri Gagarin, mutum na farko da ya je sararin samaniya, bai kai awa 300 a jirgi ba lokacin da aka ɗauke shi. Dalili kuwa, Sergei Korolev, babban mai ƙera rokokin Sobiyet, da injiniyoyinsa sun ƙera kumbon Vostok ne ya tuƙa kansa, don ba wanda ya san yadda hankalin mutum zai kasance a can. Abin da ake so daga mutumin ciki shi ne jiki mai juriya. Sai da aka fara maganar haɗa kumbo da kumbo, wanda ba yadda za a yi a je duniyar wata ko a gina tasha a sama ba tare da shi ba, sannan aka soma ganin bukatar hannun gwani.

Wanda ya buɗe masa ƙofa shi ne Janar Nikolai Kamanin, shugaban horar da 'yan sama jannati, wanda a lokacin yaƙi ya jagoranci rundunar jiragen Il-2 da Beregovoy ya yi aiki a ƙarƙashinta. A farkon 1964 ya shiga, yana kanar mai shekara 42, ya girme wa Gagarin da shekara 13. Ba kowa ya yi murna da zuwansa ba, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda akwai samarin da suka shekara huɗu a layi ba a kira sunansu ba. An saka shi cikin masu shirin tafiyar Voskhod 3, daga baya aka soke tafiyar. Ya koma shirin Soyuz.

Shekarun da suka biyo baya sun yi wa shirin Sobiyet nauyi ƙwarai. Korolev ya rasu a Janairun 1966. Ranar 24 ga Afrilun 1967 Vladimir Komarov ya mutu a Soyuz 1, tafiyar farko da mutum ya yi a wannan kumbo, bayan laimar sauka ta ƙi buɗewa. Ranar 27 ga Maris ɗin 1968 Gagarin da kansa ya mutu a hatsarin jirgin koyo. Wata 18 aka yi ba ɗan Sobiyet ko ɗaya da ya tashi. A wannan tsakani ne aka gwada haɗa kumbo biyu marasa mutane: Kosmos 186 da 188 a Oktoban 1967, sai Kosmos 212 da 213 a Afrilun 1968. Su ne na'urorin da ka ambata. Ana cikin haka Amurkawa suka tashi da Apollo 7 ranar 11 ga Oktoban 1968, suka sauko lafiya ranar 22, kowa kuma ya san burinsu na gaba shi ne zuwa duniyar wata. Saboda haka mutumin da za a saka a Soyuz na gaba, kujerar Komarov zai hau, ƙasa duka na kallonsa, manya kuma suna gaggawa. Da aka zaɓi dattijon da ya fi kowa gogewa, na fahimci dalilin.

An harba Soyuz 2 babu kowa a ciki ranar 25 ga Oktoba daga Baikonur a Kazakistan. Washegari, daidai lokacin da zai ratsa ta saman filin, aka harba Soyuz 3 da Beregovoy shi kaɗai, yana da shekara 47, wanda a lokacin babu wanda ya je sama yana da yawan shekarunsa. An auna harbin sosai, har ya shiga hanyar zagayen duniya 'yan kilomitoci kaɗan daga Soyuz 2. Na'urar rediyo mai suna Igla ta kama aiki, ta janyo su kusa har tazarar ta koma wajen mita 200. Daga nan aka tsara cewa mutum zai karɓa da hannu.

Yanzu dubi halin da yake ciki. Bai cika zagayen duniya ko ɗaya ba, zagaye ɗaya kuwa kimanin minti 90 ne. Mintuna kaɗan da suka wuce roka na danne shi a kujera da nauyin jikinsa ninki uku, sai inji ya mutu, nauyi ya ɗauke gaba ɗaya. A cikin kunnen mutum akwai 'yan ƙananan duwatsu da ke kwance a kan gashi mai ji, su ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa ina ne ƙasa. Da nauyi ya ɗauke sai su daina faɗin gaskiya. Ido ya ce wannan, kunne ya ce wancan, jini ya taru a kai, wasu su ji kamar an rataye su ƙafa sama, wasu su kama amai. Gherman Titov, ɗan Sobiyet na biyu da ya je sama, ya fuskanci wannan tun a Agustan 1961, kuma a yau an san cewa kusan rabin masu zuwa sama, ko fiye, suna shan wannan wahala a kwanaki biyu zuwa uku na farko. Ba ta duba gwaninta. Akwai matuƙan da ba su taɓa jin jiri a jirgin yaƙi ba, suka je can ta kwantar da su.

Sannan duhu. Haɗuwar ta faɗo ne lokacin da kumbunan suka shiga inuwar duniya, kuma sun riga sun fita daga inda tashoshin rediyon Sobiyet ke iya jin su, don haka babu wanda zai ce masa dakata. Ba ta taga yake kallon gabansa ba, ta wani bututun madubi ne mai kawo hoto a ɗan ƙaramin gilashi a gabansa. Abin da yake gani na Soyuz 2 fitilu huɗu ne kawai a cikin baƙi, biyu na ci tsaye, biyu na ƙiftawa, waɗanda aka jera don su nuna masa sama da ƙasan kumbon. Ya ga fitilun, ya matsa. Abin da bai gane ba shi ne kumbonsa a kife yake in an gwada da ɗayan, samansa na kallon ƙasan wancan. Na'urar Soyuz 2 kuwa tana neman eriyar Soyuz 3 a inda ya kamata ta kasance, da ta ji ta a wani gefen sai ta karkatar da hancin kumbon. Shi ya gyara, ita ta sake kaucewa. Kamar mai zura makulli a kwaɗo cikin dare ne, bai san ya riƙe shi a juye ba, yana ƙara ƙarfi yana mamakin me ya hana shi shiga. Kafin su fito haske ya ga ainihin yadda suke, man da aka ware don wannan aiki ya yi ƙasa sosai, abin da ya rage sai an adana shi don daidaita kumbon lokacin dawowa. Aka haƙura.

Maganar man nan ita ce ta fi shafar tambayarka a kan gogewa. Jirgin sama iska ce ke riƙe da shi, ita ce kuma ke kwantar masa da motsi. In ka karkata shi kaɗan ka saki sanda, karkatar za ta tsaya. Hannun matuƙi ya saba da 'yan gyare-gyare ɗari a minti ɗaya, ba ya ko sanin yana yin su, kuma ba sa cin komai. A sararin samaniya babu abin da ke tsayar da motsi. In ka hura ƙaramar roka kumbon ya fara juyawa, zai ci gaba da juyawa har sai ka hura wata ta ɗaya gefen. Kowane gyara kuɗinsa biyu ne, na farawa da na tsayarwa. Hannun da ya fi kowa saurin gyara a jirgi shi ne zai fi kowa saurin ƙarar da tanki a kumbo. Ba a kan Beregovoy aka fara ganin irin wannan ba. A Yunin 1965 James McDivitt, matuƙin gwaji ɗan Amurka, ya yi ƙoƙarin matsawa kusa da ragowar rokar da ta kai shi a Gemini 4. Ya nufe ta ya ƙara wuta kamar yadda ake bin jirgi, sai ta yi ta nisa, domin a zagayen duniya ƙarin gudu yana ɗaga ka ne zuwa hanya mafi tsawo, ka koma baya. Ya ƙona mai mai yawa kafin aka ce ya bari.

Wanda ya san tarihi zai ce, ai Neil Armstrong, shi ma matuƙin gwaji, ya haɗa Gemini 8 da rokar Agena a Maris ɗin 1966 cikin awa bakwai da tashinsa, kuma Pete Conrad ya yi hakan a zagayen farko a Satumban wannan shekara. Haka ne. Amma Conrad ya riga ya yi kwana takwas a sama a tafiyarsa ta baya. Su biyu-biyu ne a kumbon, ɗaya na tuƙi ɗaya na lissafi. Gemini tana da tagogi masu kallon gaba, da kwamfuta a ciki, an ƙera ta tun daga tushe don matuƙi ya tuƙa ta. Beregovoy shi kaɗai ne, tafiyarsa ta farko, a kumbon da aka ƙera don na'ura ta tuƙa.

Duk da haka ba zan wanke shi sarai ba. Fitilun suna nan, kuma an jera su ne don a kauce wa wannan kuskuren. Da ya ga Soyuz 2 na kauce masa karo na farko, abin da sana'arsa ta koya masa shi ne ya ɗauke hannu, ya tsaya a inda yake, ya jira haske. Ya ci gaba da kokawa ne saboda ya yarda da idonsa da hannunsa, waɗanda ba su taɓa yaudararsa ba cikin shekaru sama da 25. Mutumin da ya koya wa wasu kada su yarda da jikinsu a wulwulawa, a nan jikinsa ya rinjaye shi. Wannan ba ya rage masa daraja a idona. Yana nuna mini ne cewa darasin da ka koya a wuri ɗaya ba ya bin ka kai tsaye zuwa wani wurin, sai ka sake koyonsa a can, kuma shi ba a ba shi ko awa biyu na koyon ba.

Ya ci gaba da zagaya duniya kusan kwana huɗu. Ya gwada na'urorin kumbon, ya yi magana da mutanen ƙasarsa ta talabijin yana nuna musu cikin ɗakin, ya sauka lafiya ranar 30 ga Oktoba kusa da Karaganda. Wannan saukar kanta babban abu ce, don ita ta tabbatar cewa kumbon da ya kashe Komarov zai iya kai mutum ya dawo da shi. Gwamnati ta sanar da tafiyar a matsayin nasara, ta ce kumbunan sun kusanci juna, ba ta ce an yi niyyar haɗa su ba. Aka ba shi lambar Gwarzo ta biyu da muƙamin janar. Shi kaɗai ne ya samu ɗaya a yaƙi, ɗaya a sararin samaniya. Ɓoye gaskiyar ba abin yabo ba ne, kuma ya sa shekaru da yawa mutane ba su san abin da ya faru ba.

Amma a cikin gida an zauna an tattauna, kuma a nan ne aikin matuƙin gwaji ya fito. Bayanin da ya kawo, haɗe da abin da na'urori suka auna, shi ya sa aka canza tsari. Vladimir Shatalov, wanda ke jiran ko-ta-kwana a tafiyar Beregovoy, ya tashi a Soyuz 4 ranar 14 ga Janairun 1969. Soyuz 5 ya bi shi ranar 15 da Boris Volynov, Aleksei Yeliseyev da Yevgeny Khrunov. Ba a haɗa su ba sai ranar 16, bayan Shatalov ya kwana biyu a sama jikinsa ya saba, da rana tsaka, a saman ƙasar Sobiyet inda tashoshi ke jin sa. Ya karɓi tuƙin da hannu ya haɗa su, Yeliseyev da Khrunov suka fito waje suka ƙetara zuwa kumbonsa. Shatalov ƙwararren matuƙi ne, amma bai kai Beregovoy gogewa ba. Abubuwa uku da suka kayar da na farko, su aka cire wa na biyu.

A bikin tarbar waɗannan mutane huɗu ne Beregovoy ya sake tsallake rijiya da baya. Ranar 22 ga Janairun 1969, ayarin motoci na shiga fadar Kremlin, wani ƙaramin hafsan soja mai suna Viktor Ilyin, sanye da kayan 'yan sanda, ya buɗe wuta da bindigogi biyu a kan motar da ya zaci shugaban Sobiyet Leonid Brezhnev ke ciki. Ashe 'yan sama jannati ne a ciki: Beregovoy, Alexei Leonov, Valentina Tereshkova da Andriyan Nikolayev. Direban ya mutu, fasasshen gilashi ya yanki Beregovoy.

Bai sake zuwa sama ba. Daga 1972 zuwa 1987 shi ne shugaban cibiyar horar da 'yan sama jannati mai sunan Gagarin da ke kusa da Mosko, kuma ina ganin nan ne ya yi aikinsa mafi tsawon amfani. A zamaninsa aka horar da waɗanda suka haɗu da Amurkawa a sama a 1975, da ma'aikatan tashoshin Salyut, da na farkon tashar Mir, da baƙi daga wasu ƙasashe irin su Arnaldo Tamayo Mendez na Kyuba, baƙar fata na farko da ya je sararin samaniya a 1980, da Rakesh Sharma na Indiya a 1984. Wani abu da ke burge ni shi ne fannin da ya zaɓa ya zurfafa karatu a kai, har ya samu digiri a cikinsa: ilimin halayyar ɗan Adam, wato yadda hankalin mutum ke aiki da na'ura a cikin matsi.

A waɗannan shekarun ne aka sake yin tambaya irin taka, amma ta baya. Sobiyet na ƙera Buran, kumbo mai fukafukai da zai sauka a filin jirgi. In mutum ya yi kwanaki babu nauyi, hannunsa zai iya saukar da jirgi? Wannan karon ba a zata ba, an gwada. Aka tura matuƙin gwaji Igor Volk a Soyuz T-12 a Yulin 1984, ya yi kusan kwana 12 a sama, da saukarsa ba a bar shi ya huta ba aka saka shi ya tuƙa Tu-154 sannan MiG-25, ana auna shi. Ya iya. Buran dai sau ɗaya ya tashi, ranar 15 ga Nuwamban 1988, babu mutum a ciki, ya zagaya duniya sau biyu ya saukar da kansa. Beregovoy ya rasu ranar 30 ga Yunin 1995 ana yi masa aikin zuciya, aka binne shi a maƙabartar Novodevichy a Mosko.

Saura tambayarka ta ƙarshe. A'a, ba sharaɗi ba ne, kuma tun zamanin Beregovoy ma ba sharaɗi ba ne. A Oktoban 1964 kumbon Voskhod na farko ya ɗauki injiniya Konstantin Feoktistov da likita Boris Yegorov. A yau da yawa daga masu zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa injiniyoyi ne, likitoci da masana kimiyya, kuma kumbunan da ke kai su suna haɗa kansu da tashar, mutum na kallo, hannunsa a kusa ko da na'ura za ta gaza. Inda har yanzu ake neman matuƙin gwaji shi ne tafiyar farko ta sabon kumbo. Da SpaceX ta fara ɗaukar mutane a Mayun 2020, waɗanda aka saka a ciki su ne Doug Hurley da Bob Behnken, dukansu sun fito daga makarantun gwajin jirage na soja, kuma dukansu sun riga sun je sama sau bibbiyu. In wannan hanyar kake sha'awa, bayan lasisin tuƙi za ka buƙaci digiri mai ƙarfi a injiniya ko kimiyya, da awoyi masu yawa a jirage iri-iri, sannan gurbi a ɗaya daga makarantun gwaji, waɗanda ba su da yawa a duniya kuma mafi yawansu na soja ne. Abin da za ka iya farawa da shi tun yanzu shi ne rahoto: duk ranar da ka sauko daga jirgin koyo, ka zauna ka rubuta abin da jirgin ya yi da abin da kai ka yi, har da inda ka yi kuskure, ka kai wa malaminka ya gwada da abin da shi ya gani.